Kada a Kashe Kwamfutar Ɗakin Kati

Ranar Talata da hantsi Zulaihatu ta shigo asibitinmu da ƙullin kaya a ka, da yarinya a goye. Ba ta zauna a benci ba, ba ta gaida kowa ba. Ta wuce kai tsaye ta tsaya a tagar ɗakin kati, inda Grace ke rubuta sunayen marasa lafiya.

"Ke ta," ta ce. "Ke kaɗai nag gaya ma."

Grace ta ɗago kai. "Wane abu, Maman Nana?"

Zulaihatu ta maimaita saƙon da ka, don mijinta sau uku ya karanta mata shi a gaban uwarsa. Saƙo ne da ya shigo wayarsa: Malama Zulaihatu, mun san kin yi allurar tazarar haihuwa ta wata uku, muna da maganin gargajiya mai wanke illarta, kira wannan lamba. Ita ba ta da waya. Da aka tambaye ta lamba ranar da ta buɗe kati, ta mijin ta bayar, don dokarmu ce sai an cike gurbin. Haihuwa huɗu ta yi cikin shekara biyar, ta ƙarshen har an ƙara mata jini. Mijin bai san ta yi allurar ba. Yanzu ya ce ta je gidansu a Ƙofar Dundaye sai ya neme ta.

Kafin azahar mutum shida sun zo da irin saƙon, uku daga ciki mazaje ne, ɗaya da gora a hannu. A bakin get ana ta maimaita suna ɗaya: Grace.

Ni ce Shamsiyya, mai kula da kwamfutocin wannan ƙaramin asibitin mata da yara a Gidan Dare. Kwamfutocin uku ne kacal, ɗaya ma ta mutu tun bara. Ɗana Jalal watansa biyar, kuma haƙori ya fara damunsa, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ranar da na haife shi jini ya ɓalle mini, aka rasa irin nawa, Grace ce ta naɗe hannun riga ta bayar. Shekararta goma sha ɗaya a Sakkwato, daga Kagoro, mijinta malamin firamare. Na faɗi wannan don a san ba da zuciya wankakkiya na shiga binciken ba. Ina da wadda nake so ta fita.

*

Malam Garba, manajanmu, ya kira mu ɗakin kati ya rufe ƙofa. Ya riga ya duba: duk matan da aka aika wa saƙo cikin kwana goma sha bakwai suka buɗe kati, kuma duk Grace ce ta shigar da su.

"To wa kuma zai shigar da su, Malam?" Grace ta ce. "Ni ɗaya ne a tagan nan."

"Shi na nika faɗi. Ki tai gida. Jibi Alhamis 'yan sanda su zo su ɗauki na'urag ga, ke ko ki yi musu bayani." Ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana laluben wayar wutar kwamfutar. "A kashe ta tun yanzu, kowa shi huta."

Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba, ni da ko idonsa ban cika kallo ba.

"Malam, don Allah kar ka cire."

"Shamsiyya, lahiya?"

"Ba ni zuwa jibi. In ta mutu, abin da ta gani ya mutu."

Babana ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata a karkara. Duk garin da aka kira shi, kafin ya dubi ƙasa sai ya fara korar mutane daga bakin garke, don masu jaje sun fi iska share sawu. Abin da na tuna ke nan. Malam Garba ya ja tsaki, ya ce jibi da ƙarfe goma, ko minti ɗaya ba zai ƙara ba. Na yanko salatif na manne filogin da bango, na rubuta a kwali: KADA A KASHE. Grace ta ɗauki jakarta. Ta ƙofar baya Tanko mai gadi ya fitar da ita.

*

Na kwantar da Jalal a kan zane a ƙasan tebur, na zauna.

Duk rajistar da kwamfuta ke rubutawa ta ajiye, ta wa ya shiga da me ya yi, an goge ta tas. Wanda ya yi aikin ya san hanya. Wannan kaɗai ya isa in san ba Grace ba ce, matar da sai ta kira ni in firinta ta cije takarda. Amma ba hujjar da Malam Garba zai ji ba ce.

Sai na gangara ƙasa, wurin da ake kira kanel. Shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, komai ta wurinsa yake bi, har harafin da ka danna. Akan ƙara masa ƙananan guntaye, ana ce musu modul, don ya iya hulɗa da wata na'ura. Kowane modul na halas yana zuwa da sa hannun waɗanda suka gina tsarin, kamar hatimi a takarda. Idan aka cusa marar sa hannu, namu kanel ɗin ba ya hanawa. Yakan bar shi ya shiga, amma sai ya ɗaga tuta: akwai wata lamba da ke zama sifiri muddin komai tsaf yake, sai ta canja. Kuma ko an cire baƙon, ko an share ɗaki an yayyafa ruwa, tutar ba ta sauka. Abu ɗaya ne ke sauke ta: a kashe kwamfutar a kunna.

Na duba lambar. Dubu goma sha biyu da ɗari biyu da tamanin da takwas. Ma'anarta an shigar da modul daga waje, kuma ba shi da sa hannu.

A Sakkwato wannan tutar ba ta kwana. Ana ɗauke wuta sau uku, sau huɗu a rana, kowace kwamfuta takan mutu ta tashi ta manta. Tamu kuwa kwananta arba'in da ɗaya ba ta ƙifta ba, kuma lalacina ne ya jawo. A kulle take, duk lokacin da ta tashi sai na zo da kaina na sa mata kalmar sirrin buɗewa, wadda ni kaɗai ke da ita. Da na dawo daga hutun haihuwa, ina cikin shayarwa za a turo a ce wuta ta dawo, zo ki buɗe. Na gaji. Na roƙi Micah mai gyaran sola ya jawo mini waya daga layin firjin rigakafi, wanda ba ya mutuwa, ya ɓoye ta bayan kabad. Ban gaya wa kowa ba don kada a ce ina shan wutar allurai.

Tunda ba ta mutu ba, ɗan abin da kanel ke riƙewa a ka, wanda ba ya rubutawa a ko'ina, yana nan. Na karanta shi layi layi. A rana ta goma sha shida da kunna ta an soka mata filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake kwasar bayanai da ita, ga lambar jikinta. Daƙiƙa arba'in bayan haka, ga gargaɗin modul marar sa hannu. A rana ta talatin da uku an sake soka filas ɗin nan dai. Tsakaninsu kwana goma sha bakwai. Abin ya zauna ne yana kwashe duk abin da Grace ta buga, aka dawo aka kwashe shi da abin da ya tara.

Na lissafa ranar da aka fara soka filas ɗin a kalanda. Juma'a ce, ƙarfe biyu saura minti goma. Lokacin da duk namijin musulmi na asibitin yake masallaci, ni kuma na tafi gida. Idan na kai wa Malam Garba wannan haka, na ɗaure Grace da hannuna, don a lokacin ita kaɗai ake bari da ɗakin.

Jalal ya farka yana kuka. Na ɗauki hoton allon da wayata, na sa shi a nono, na zauna ina kallon bango.

*

Laraba da safe na je gidan Grace a Gidan Dahala. Yaranta ba su je makaranta ba. Taga a rufe, ga zafi.

"Juma'a da ƙarfe biyu kina ina?"

"Ina ɗauko yara. Kin sani ai, Friday suna tashi da wuri."

"Kin kulle ɗakin kati?"

Ta murza bakin zane. "Makullin yana wahala, Maman Jalal. Ina jawo ƙofan ne kawai. Minti talatin ne."

"Grace!"

"Na sani. Kar ki faɗa ma Malam."

"Dole in faɗa. Gara a ce kin yi sakaci da a ce kin sayar da mata."

Ta kawo mini kunun gyaɗa, ta karɓi Jalal tana duba dasashinsa. Ta ce mijinta ya ce su koma gida ƙarshen wata, ko an wanke ta ko ba a wanke ta ba.

Daga nan na bi ta shagon Micah, don wata nas ta rantse ta gan shi a ɗakin kati da wayoyin wuta. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Madam, ba ke kika sa ni ba? Yanzu ni ne ɓarawo?"

"Ranar Juma'ar fa?"

"Ina Bodinga, kan rufin wani Alhaji. Ga hoto, ga rana a jiki." Ya nuna mini. Sannan ya daina dariya. "Amma ki lura, batirin firjin nan ya tsufa. Hadarin nan in ya kwana biyu, firji da kwamfuta ba za su rayu tare ba. Ɗaya zai tafi."

Na ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi. Na san in ta kai ga zaɓi, allurar jarirai zan bari, in cire kwamfutar da hannuna. Na roƙe shi ya ara mini batiri ɗaya zuwa gobe. Ya ɗaura shi a bayan babur ba tare da ya tambaye ni komai ba.

*

Shigar da modul sai mai kalmar sirrin shugaba. Mu uku ne: ni, Malam Garba, da Kabiru, ma'aikacin kamfanin da ya kafa mana tsarin, wanda ke zuwa duba shi ranar Litinin ɗin farkon wata. Malam Garba tasa a rubuce take a bayan kalandar ofishinsa, kowa ya sani, don haka na ɓata rabin yini ina zargin duk wanda ya taɓa kai masa shayi. Sai da na koma kan rana ta talatin da uku. Litinin ce. Ranar ina gida Jalal na zazzaɓi. Na buɗe littafin baƙi, ga sa hannun Kabiru, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata.

Amma Juma'ar babu sunansa. Kuma Kabiru ɗan aminin Malam Garba ne, shi ya kawo shi. Ba a tunkarar irin wannan da rabin magana.

Na sami Tanko a rumfarsa yana jiƙa goro. Dattijo ne, ba ya karatu, littafin baƙi miƙa shi kawai yake yi.

"Baba Tanko, Juma'a uku ko huɗu da sunka wuce, wani ya shigo lokacin salla?"

"Lokacin salla wa za shi shigo, ɗiyata? Kulle get nikai."

"Ko wanda ka sani? Ko Kabiru?"

Ya tsaya da tauna. "Wanga yaro mai jan babur? Kai! Shi na yas sa ni jin kunya." Ya gyara zama, abin na cinsa har yanzu. "Ina shirin kullewa yaz zo, yac ce shi aje babur ciki, shi yi alwala ga famfonmu. Yac ce, Baba yi gaba ka kama min sahu, gani nan, ni jawo ƙaramar ƙofa. Nis shimfiɗa darduma ta mutum biyu. Wani Bazabarme na son wurin, nih hana shi, har munka yi cacar baki gaban mutane, liman na huɗuba. Anka tada salla wurin na nan wayam. Da nid dawo babu shi babu babur."

"Wace Juma'a ce?"

"Wadda anka yi ruwan ƙanƙara da la'asar."

Na duba wayata. Ranar na ɗauki hoton ƙanƙara a bokiti na tura wa mijina. Ita ce.

*

Alhamis ƙarfe goma muka cika ɗakin kati: Malam Garba, Grace da mijinta a bakin ƙofa, Micah, Tanko, da ɗan sanda ɗaya mai riƙe da kwalin da zai sa kwamfutar. Kabiru ni na sa aka kira shi, na ce a zo a taya mu cire na'ura yadda ba za ta lalace ba. Ya shigo da fara'a, makullin babur na lilo a yatsa, da 'yar filas baƙa a jikin zoben.

"Maman boy, an ce kin zama ɗan sanda," ya ce. "Kawo in kashe muku ita."

"Tsaya tukuna. Kai ka fi ni sani, duba min wagga lamba."

Na juya masa allon. Ya duba, fara'ar ta ɗan rage.

"Wani abu na marar sa hannu. Yana faruwa. Ƙila yau da safe wani ya soka wani abu."

"Ba yau ba. Ga ranar, ga lokacin."

Ya matso ya karanta, ya sake karantawa. "Wanga ba daidai ba na. Kwana ashirin da bakwai? An ɗauke wuta ya fi sau hamsin tun ranar, ko Litinin ɗin da niz zo ina fita anka ɗauke. Ba ta iya riƙe..." Ya tsaya.

Micah ya ja kabad gefe. Ga wayar, ta bi gindin bango ta huda zuwa ɗakin firji.

Kabiru ya daɗe yana kallon wayar nan. Da ya kashe kwamfutar da kansa ranar, da ta tsaya tana jiran kalmata, da na tambayi wanda ya taɓa ta. Shi ya sa ya bar wa masu wuta aikin, kamar yadda kowa a garin nan zai yi.

"Juma'ar ina masallaci," ya ce.

"Wane sahu?" in ji Tanko. "Don wanda nik kama maka, har yau Bazabarme bai gaishe ni."

Malam Garba ya ɗaga hannu. "Shamsiyya, a bi sannu. Yaron ga na san ubanshi."

"Shi ya sa ban ce komi ba, Malam. Ga lambar filas ɗin da anka soka, na rubuta a takarda tun shekaranjiya, riƙe. Kabiru, ara min taka in soka a tawa kwamfutar. In ba ita ba ce, in durƙusa nan in ba ka haƙuri."

Bai miƙo ba. Ɗan sandan ne ya ajiye kwali ya zare makullin daga yatsansa. Na soka, na juya allon wajen Malam Garba. Ya bi lambobin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya cire hula ya share kai.

"Talla ce kawai," Kabiru ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wani mai magani yac ce yana son lambobin mata, shi tura musu talla. Wallahi ban san ta maza ce ba. Ni ban nufi kowa da sharri ba."

Grace ba ta ɗaga murya ba. "Ka san Maman Nana?"

"A'a."

"To."

Na so in ji daɗi, ban ji ba. Bayana ke ciwo, Jalal ya jiƙa mini zane. Ɗan sandan ya ɗauki hoton allon ta kowane gefe, ya sa na rubuta bayani shafi biyu, sannan ya fita da Kabiru ta ƙofar gaba, inda mutane ke tsaye. Malam Garba bai ba Grace haƙuri ba. Ya ce mata dai a canja makullin nan yau, kuma gobe ta fito da wuri.

Da kowa ya watse na gyara tsarin yadda daga yau kanel ba zai tsaya ɗaga tuta ba, duk abin da ba shi da sa hannu zai ƙi shi tun daga ƙofa. Tun bara na nemi a yi haka, kamfanin suka ce zai wahalar da ma'aikacinsu. Sannan na ɓare salatif, na kashe ta, na mayar da filogin layin kowa, na bar wa firji wutarsa.

*

Litinin ranar awo ce, benci kan cika tun bakwai. Mata huɗu suka zo. Grace na zaune a tagarta da sabon makulli a wuya, ba ta ce sun fasa tafiya ba, ba ta ce suna nan ba.

Wajen sha ɗaya Zulaihatu ta shigo, yarinyar na tari. Har yanzu tana Ƙofar Dundaye. An gaya wa mijin yadda aka yi, ya ce ya ji, amma allurar dai ta yi ta. Ta tsaya a taga, ba ta dubi Grace ba, ta ce katin Nana ya ɓace cikin kaya.

Grace ta buɗe sabo. Suna, shekara, unguwa. Ta kai gurbin lambar waya, yatsunta suka tsaya, ta waiwayo ta dube ni. Na cire dokar cike gurbin tun ranar Alhamis, ban tambayi kowa ba.

"Lamba fa?" Zulaihatu ta ce. "Ba ku tambaya?"

"Mun bari," in ji Grace.

Zulaihatu ta karɓi katin ta juya shi, ta soke a bakin zane, ta je ta zauna a benci. Sai aka ɗauke wuta. Na gyara goyon Jalal, na jira ta dawo in je in buɗe.